Kunnen Jirgi da Hannun Baffa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Baffa ya riga mu komawa wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na Madadi, lokacin dawa ta fara nuna a gona. Yayan mahaifina ne. Shi ya ɗauke ni tun ina rarrafe bayan mahaifina ya rasu, don haka in kun ji na ce Baffa, uba nake nufi.

Kwanakin zaman makoki ina cikin gida wajen Inna, matarsa. Darnin kara ne kawai tsakaninmu da maza, duk abin da ake faɗa a ƙofar gida yana shigo mana. Mutane sun zo daga Gwarzo, daga Unguwar Tudu, har daga Gude, kuma kamar sun haɗa baki, kowa da maganar da yake kawowa bayan addu'a. Mai facin bakin tasha ya ce ko makon jiya sai da marigayi ya kama masa damtse. Wani tsoho mai tura kurar ruwa ya fara ba da nasa labarin, kuka ya ci ƙarfinsa. Liman kuwa dariya ya yi da hawaye a fuskarsa.

"Ni ma ban tsira ba," in ji shi. "Bayan sallar Juma'a ya matsa min nan, ya ce, Malam, carbin nan ja kake yi ko kokawa kuke?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi a gidan mutuwa a yi saurin haɗiye ta. Mutum ɗaya ne ban ji muryarsa ba: Yaya, ɗan farin Baffa, wanda ke zaune a tsakiyar tabarma yana karɓar gaisuwa. Maigidana ya ce da ni duk sanda aka ambaci damtse sai kan Yaya ya ƙara yin ƙasa, daga baya ma ya tashi ya zagaya bayan rumbu. Mutane suka ce ai dole, uba ne. Ni na san abin ya fi haka. A duk faɗin Madadi, Yaya ne kaɗai Baffa ya daina kama wa damtse, kuma har ya bar duniya bai sake kamawa ba.

Wanda bai san Baffa ba zai ce wace irin gaisuwa ce wannan. Daga wurin aiki ya zo da ita. Ƙuruciyarsa duk a ƙarƙashin ƙananan jiragen feshi ya yi ta, waɗanda ake kawowa in fara ko tsuntsayen jan-baki sun sauka wa manoma. Ya fara da wanke su, ya ƙare yana kwance su yana ɗaurawa. Sau ɗaya aka taɓa ɗaga shi sama, ya sauko ya ce ya gani, ƙasa ta ishe shi. A cikin jirgi kaf, ba inji ne ya ɗauke masa hankali ba, wani ɗan abu ne a wutsiya. Can baya akwai faffaɗan falle mai motsi sama da ƙasa, shi ke ɗaga hancin jirgi ko ya sunkuyar da shi. A bakin wannan fallen kuma an maƙala wani ƙarami, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Masu aikin suna ce masa tirim. Baffa kunne yake ce masa, mu ma a gida da kunne muka san shi.

Tun muna yara ya sha kwatanta mana da murfin kwano. In tankin magani ya cika, hanci ya yi nauyi, sai matuƙi ya yi ta jan sandar tuƙi da ƙarfinsa. Magani yana raguwa, jirgi yana canja hali. To kunnen nan ne matuƙi zai ɗan karkatar daga kujerarsa, iska ta karɓi aikin, hannunsa ya huta. Abin da ya fi ba Baffa daɗi shi ne kunnen ba ya bin inda ake so a je: in ana son babban fallen ya yi sama, shi ƙasa yake yi. Inna takan ce daga bakin murhu, "Shi ya sa jininku ya haɗu. Kai ma in kana son abu, baya kake juya masa."

Matuƙan zamaninsa baƙi ne, wasu ko Turancinsu ba ya fita, kuma matuƙi ba ya yarda ya ce ya sha wuya. Sai Baffa ya daina tambayarsu. Jirgi na sauka, zai miƙa hannu a gaisa, ɗayan hannun kuma ya cafke damtsen mutum. In ya ji shi laushi, ya san kunne lafiya. In ya ji shi kamar muciya, sai ya ɗauki sifana ya nufi wutsiya. "Ni ba na tambayar baki," yakan ce, "damtse nake tambaya."

Da ya bar aiki ya dawo noma, bai bar ɗabi'ar a can ba. Tsohon nan mai kurar ruwa, abin da ya kasa ƙarasawa ke nan: Baffa ya kama shi wata rana ya ji hannun dama ya fi na hagu tauri, ya bi shi har bakin rijiya, ya tarar kurar tana ja gefe guda. Ya kifar da ita a wurin, ya yini yana daidaita ƙafafun, ko ruwan sha bai karɓa ba. Ni ma da na fara ɗinki a Kabo bayan aurena, ya zo ya matsa min hannu, ya yi tsaki, ya ce keken ne ke tuƙa ni. Bai tafi ba sai da ya sassauta abin da ya sassauta. Ba ya iya ganin mutum yana riƙe da abu da ƙarfi ya wuce shi.

Amma mu asalinmu masu shanu ne, kuma kunyar ɗan fari a gidanmu ba wasa ba ce. Ban taɓa jin Baffa ya kira sunan Yaya ba. "Wancan" yake cewa, in kuma yana cikin nishaɗi, "direban sama". Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa dafa kansa ba, ba sa cin abinci kwano ɗaya. Da Yaya ya yi karatu ya zama matuƙi, garin nan kowa ya yi ta murna, Baffa kuwa cewa ya yi, "To, Allah ya sa a dinga saukowa." Abu ɗaya ne kunya ba ta hana shi ba. Duk sanda Yaya ya dawo gida ya durƙusa gaisuwa, Baffa zai kama damtsensa, ya daɗe yana matsawa, fuska a ɗaure kamar likita. Ai wannan aiki ne, ba wanda zai ce ya nuna so. Ni da Inna mukan kalli juna. Mun san ba jirgi kawai yake dubawa ba.

Sai ga shekarar da jan-baki ya addabi masu shinkafa a wajen Kabo. Kamfanin da Yaya ke wa aiki ya share wani fili na jar ƙasa, aka kawo wani tsohon jirgin feshi, Yaya ne matuƙinsa. Da ya leƙo gida gaisuwa, Baffa ya kama damtsen ya ƙi saki.

"Wannan jirgin ai kai kake ɗauke da shi."

Yaya ya yi dariya. "Baba, tsoho ne. Haka halinsa yake."

"Tsufa daban, rashin gyara daban."

Washegari da safe sai ga Baffa a gidana da tsohuwar jakar kayan aikinsa. Ya sa maigidana ya tayar da a-kori-kurarsa da yake kai hatsi kasuwa, ni kuma na bi su da abincin Yaya. Muna isa, ko gaban jirgin bai kalla ba, ya zarce wutsiya. Ya kama kunnen da yatsu biyu ya girgiza.

"Akwai rawa," ya ce.

Injiniyan kamfanin, mutum mai ladabi, ya rusuna ya gaishe shi, ya ce ya auna, rawar ba ta wuce abin da aka yarda da shi ba. Baffa ya ce hinjis ɗin da kunnen ke juyawa a kansa ya ci, wayar da ke jan kunnen ta saki, kuma kunnen ya yi wa jirgin kaɗan in tanki ya cika. Ya buɗe jaka. Yaya ya matso ya ce a hankali doka ba ta yarda wanda ba shi da lasisi ya sa sifana a jirgi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Baffa bai saurare shi ba. Ya sake kama kunnen, ma'aikata sun fara taruwa.

"Duba mana! Kai ba ka gani? Duba yadda yake rawa!"

Kunnen yana rawa, ba shakka. Sai dai duk wanda ke tsaye a wurin yana ganin inda rawar ta faro. Mun daɗe da lura a gida. Inna ta canja masa kofin shayi da mai zurfi, tana zuba masa rabi, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Yaya a gajiye yake, ga abokan aikinsa sun zuba ido. Bai ɗaga murya ba, wallahi bai ɗaga ba.

"Baba," ya ce, "hannunka ne yake rawa."

Baffa ya saki kunnen. Ya ɗaga hannun ya dube shi kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Sannan ya zura shi cikin aljihun rigarsa, ya ɗauki jakar da hagu.

"To. Allah ya kiyaye hanya."

Muka mayar da shi Madadi.

Na ɗauka zai bar zancen kunne. Ina! Bayan girbi sai ya aiko a kira ni, na tarar ya sassaƙa wutsiyar jirgi da katako a tsakar gida, ya yanko alminiyam daga wata tsohuwar tukunyar Inna, ita kuwa tana ta mita. Ya ce hannuna na tela ne, ba ya motsi, ni zan riƙe masa in huda in ɗaure, shi zai faɗi inda za a sa. Na ce, "Baffa, jirgin wa za mu sa wa wannan?" Ya ce ba na kowa ba. So yake ya san abin da ya ji ranar nan, a kunnen yake ko a jikinsa.

Muka ɗaure wutsiyar a bayan a-kori-kura, muka hau titin Kabo, Baffa a tsugune a baya yana riƙe da hula, yana buga rufin mota yana cewa a ƙara wuta. Kunnen farko ya yi shi da faɗi sosai, da gangan kuma ya bar masa 'yar rawa a hinjis. Kafin mu kai Gude abin ya fara kaɗawa, ya koma ƙugi, sai ji muka yi fau! Kunnen ya tsinke, ya tashi ya faɗa garken wani bawan Allah, tumaki suka watse. Mai tumakin ya biyo mu da sanda yana tambaya ko mun haukace. Baffa ya sauko ya ba shi haƙuri, ya kama masa damtse, suka rabu suna dariya. A hanya ya ce da ni faɗin ya yi yawa, kuskurensa ne, kuma na ga abin da rawa ke yi in iska ta samu wurin kamawa. Ranar na fara jin tsoron aikin Yaya.

Ya koma ya rage faɗin, ya bar shi ya ɗan fi na asali kaɗan. Ya sa hinjis dogo daga wannan baki zuwa wancan, ya cire waya ya sa siririn rodi mai tauri wanda ba ya saki. Muka sake hawa titi. Maigidana ya taka motar har tana kuka, kunnen ko gezau. Baffa ya ɗan karkatar da shi, babban fallen ya ɗaga a hankali ya tsaya cak, ba mai riƙe da shi. Ni har guɗa na yi, na manta a titi nake. Da muka tsaya na zagayo ina murna, sai na same shi yana kallon hannunsa a kan gwiwa.

"To, kunne ya daina," ya ce. "Saura ni."

Bai nuna wa Yaya wutsiyar ba. Ya sa aka jefa ta bayan rumbu.

Shi kuwa Yaya ba irin haƙurin da bai bayar ba. Ya zo ya durƙusa ya ce a yafe masa. Baffa ya ce, "Me ka yi? Gaskiya ka faɗa. Na yafe." Hannu yana cikin riga. Yaya ya sake zuwa da labarin cewa lokacin babban gyaran jirgin ya yi, an canja hinjis, an sa sabon abin jan kunnen daga wurin masu ƙera shi, yanzu yana iya sakin sandar tuƙi, jirgi ya tafi sumul. Baffa ya ce, "Madalla. Injiniyan naku ya san aikinsa." Na ga Yaya, babban mutum mai iyali, yana naɗe hannun rigarsa tun daga zaure, ya zo ya zauna dab da ubansa ya ajiye damtsen a fili. Baffa ya tambaye shi hanya, ya tambayi yara, ya sa masa albarka. Ana cikin haka wani maƙwabci ya yi sallama, hannun ya fito ya kama na maƙwabcin, ya koma.

Ni ba ni da haƙurin Inna. Yaya na fita na shiga na tsaya a kansa, abin da ban taɓa yi ba.

"Baffa, wannan ba yafiya ba ce, horo ne. Kalma ɗaya ya faɗa. Kana so ya mutu da ita?"

Na zaci korata zai yi.

"Ke, ba fushi nake ba," ya ce. "Da wane hannu zan duba shi? In na kama na ji rawa, ta ina zan san tawa ce ko tasa? In ce masa lafiya alhali ba lafiya ba?"

"Ai kana kama na kowa."

"Na kowa wasa ne. Kowa a ƙasa yake tafiya."

Na fita na yi kuka a madafa har Inna ta ce hayaƙi ne ko me. Na kai wa Yaya maganar, ko da yake Baffa ya ce kar in kai. Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce na iya gyara zance, ɗinki ne sana'ata.

Ciwon ajali bai ja shi da yawa ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ƙirji ya kama. Yaya yana can wata jiha mai nisa wajen feshi, muka yi masa waya, ya kamo hanya a mota tun asuba. Da hantsi ina zaune a gefen gadon, Inna tana shiga tana fita da kunun da ba wanda zai sha. Baffa ya buɗe ido.

"Wancan ya taso?"

"Ya taso, Baffa. Ya wuce Kano ma."

"Naɗe min hannun rigar nan."

Na naɗe. Ya zaro hannun daga cikin mayafi da ƙyar, ya ɗora shi a sama, tafin a buɗe, wajen ƙofa. Yana rawa fiye da yadda na taɓa gani, har mayafin na motsi. Na ji jikinsa da sanyi, na ja mayafin zan rufe masa.

"Bar shi," ya ce. "Ya zo ya same shi a waje."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni. Bayan nan sai kalmar shahada, ina yi yana bi a hankali, idonsa a ƙofa. Da ya cika, Inna ta shigo ta yi salati, ta rufe masa ido, ta miƙar da hannuwansa a jikinsa, ta ja mayafi har kansa. Haka ake yi, kuma ni a lokacin ban san inda nake ba balle in ce a dakata.

Ba a daɗe ba muka ji tsayuwar mota. Yaya ya shigo da gudu ko takalmi bai cire ba, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi mayafin tun daga sama har ƙasa. Ba abin da ke waje.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa. Ya sauke masa nauyi kamar yadda ya yi ta sauke wa bayinsa. Masu ta'aziyya sun yi masa shaidar alheri, kowa ya tafi da abin da zai riƙa tunawa. Mutum ɗaya aka bari hannu wofi.

Ranar da aka tashi daga zaman makoki na sami Yaya a zaure shi kaɗai, na faɗa masa duk abin da ya faru, kalma bayan kalma. Ya saurare ni har na gama. Ya tambaya ko Inna ta gani. Na je na tambaye ta, ta ce ita hankalinta ba ya jikinta a ranar, ba ta kula ba. Yaya ya gyaɗa kai, ya ce, "Na gode, ƙanwata. Na san so kike ki sanyaya min rai." Ya tashi ya shiga mota.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ni da ban saba rubuta komai ba sai awon riga. Na faɗa a gaban duk wanda zai karanta, don in ƙarya nake yi a tambaye ni ranar da za a tambayi kowa. Ba ni da wani mai shaida, ni kaɗai ce a ɗakin. Yaya, ban gyara komai ba. Wallahi ya fito da hannun, kuma kai yake jira.